Rubutun Koriya ba irin na Sinanci ba ne

Matasa da dama da waƙoƙin K-pop (waƙoƙin zamani na Koriya ta Kudu) suka ja hankalinsu kan fasa koyon karatun Koriyanci tun kafin su soma, saboda sun ɗauka cewa sai mutum ya haddace dubban alamomi kamar a Sinanci. Zaton yana da tushe, domin Koriyawa sun shafe ƙarnuka suna rubutu da alamomin Sin, amma Hangul, wato rubutun Koriyanci na yau, haruffa ne masu wakiltar sauti. Sarki Sejong na Koriya ne ya ƙirƙiro shi a 1443, aka ƙaddamar da shi a 1446, kuma haruffansa na asali yanzu 24 ne: baƙaƙe 14, wasula 10. Abin da ke ruɗar ido shi ne yadda ake tattara haruffan kowace gaɓa wuri guda. Misali, ㅎ (h) da ㅏ (a) da ㄴ (n) ne suka haɗu suka ba da 한 (han).

Furuci ne ya cancanci a dage masa. Baƙin da ya rufe gaɓa ba ya wuce ɗaya daga cikin sautuka bakwai, kuma yakan sauya idan ya ci karo da wanda ke biye da shi, shi ya sa mai dogaro da Koriyancin da aka rubuta da haruffan boko yakan ji mawaƙi yana furta abin da ya saɓa da wanda yake karantawa.