Amfilifaya da Majuyin Sauti Domin Manyan Hedfon

Amfilifayar hedfon na'ura ce da ke karɓar raunannen sauti na lantarki ta ƙara masa ƙarfi har ya iya kaɗa 'yan lasifikokin da ke cikin hedfon. Majuyin sauti kuwa, wanda masu harkar suka fi sani da taƙaitaccen sunansa DAC, shi ne ke karɓar waƙa ko karatu daga kwamfuta ko waya a matsayin jerin lambobi, ya mayar da su lantarki mai hawa da sauka irin wanda amfilifaya za ta iya aiki da shi. Duk wayar salula ko kwamfutar da ke da ramin jona hedfon tana ɗauke da su biyun a cikinta, sai dai ƙanana ne, domin an ƙera su ne saboda iyafis na yau da kullum da kuma tattalin batir. Buƙatar sayensu daban tana tasowa ne idan aka zo kan manyan hedfon masu tsada, irin na Sennheiser da Beyerdynamic na Jamus, da Focal na Faransa, da Audeze na Amurka, da HiFiMan na Sin, da Stax na Japan, waɗanda wasunsu ke neman lantarkin da ƙaramar na'ura ba ta da shi.

Hedfon ya girmi waɗannan akwatunan nesa ba kusa ba. Kamfanin Eugen Beyer ya fitar da DT 48 a 1937, John Koss na Amurka ya kawo hedfon mai sautin sitiriyo a 1958, kuma shekaru da dama ana jona su ne a jikin amfilifayar lasifika ta ɗaki. A 1991 Sennheiser ya fitar da Orpheus, guda 300 kacal, kowanne da amfilifayarsa ta kwalaben lantarki. Kasuwar ƙananan majuya kuwa ta ƙara bunƙasa ne bayan Apple ya cire ramin hedfon daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanonin waya suka bi sahunsa.

Alƙaluma biyu da ake fara dubawa

Hedfon ne ke faɗin irin amfilifayar da yake buƙata, kuma yana faɗi ne da alƙaluma biyu da ake rubutawa a takardarsa. Na farko shi ne turjiya, wato yadda naɗin wayar da ke cikinsa ke hana lantarki wucewa, ana auna ta da om. Na biyu shi ne saurin amsawa, wato yawan ƙarar da yake bayarwa, da ma'aunin desibel, idan aka ba shi miliwat ɗaya na ƙarfi. Mutane da yawa sukan tsaya kan na farko kawai, su ɗauka cewa duk hedfon mai yawan om shi ne mai wuyar turawa, alhali kuwa na biyun ya fi yanke hukunci.

Lissafin ba shi da tsawo. Kowane ƙarin desibel 3 yana neman a ninka ƙarfi sau biyu, ƙarin desibel 10 kuma sau goma. Masu ƙira sukan ɗauki desibel 110 a matsayin ƙololuwar da ya kamata amfilifaya ta iya kaiwa ba tare da sauti ya fashe ba. Ba don a zauna ana saurare a nan ba ne. Dalilin shi ne bugun ganga ko tashin makaɗa gaba ɗaya yakan zarce matsakaicin ƙarar waƙa da desibel 20 ko fiye na ɗan ƙiftawar ido. To, hedfon mai om 300 da ke ba da desibel 97 a miliwat ɗaya, wanda shi ne kusan yanayin Sennheiser HD 600 da ya fito a 1997, yana buƙatar miliwat 20 ne kawai ya kai can, amma kafin wannan ɗan ƙarfi ya ratsa om 300 sai an matsa masa da kimanin bolt 2.4. 'Yar wayar haɗi ta Apple, wadda ake jona hedfon da ita a wayar da ba ta da rami, ba ta wuce bolt ɗaya, saboda haka za ta yi waƙa da shi, amma za ta ƙure kafin ya nuna iyakarsa. Shi kuwa HiFiMan Susvara na 2017 om 60 ne kawai, sai dai desibel 83 yake bayarwa a miliwat ɗaya, don haka yana neman kusan rabin wat, wato bolt 5.5 da kwararar lantarki ta kusan miliamfa 90. Ga shi turjiyarsa kashi ɗaya cikin biyar ce ta HD 600, amma ƙarfin da yake ci ya ninka nasa sau 25. Daga nan ake gane cewa hedfon mai yawan om yana neman amfilifaya mai matsin bolt, mai ƙarancin om da jinkirin amsawa kuma yana neman mai iya zuba lantarki da yawa ba tare da ta gaji ba.

Akwai wani tarko a takardun kamfanoni. Wasu suna rubuta saurin amsawa a kan miliwat ɗaya, wasu a kan bolt ɗaya, kuma alƙaluman biyu ba ɗaya ba ne: a hedfon mai om 300 bambancinsu kusan desibel 5 ne, a mai om 32 kuma ya kai 15. Haka ma idan an ce amfilifaya tana da wat biyu, sai an duba a kan om nawa aka auna, domin wadda ke ba da wat biyu a om 32 tana iya ƙarewa da miliwat 200 da 'yan kai a om 300. Beyerdynamic ma yana sayar da DT 880 iri uku, na om 32 da 250 da 600, don mai saye ya ɗauki wanda ya dace da abin da zai jona shi.

Yawan ƙarfi shi ma yana da nasa aibin. Idan aka jona iyafis mai saurin amsawa a babbar amfilifaya, abin da za a fara ji kafin waƙa ta tashi shi ne wani siririn "shiii" a cikin kunne, sannan da an ɗan murɗa maɓallin murya ƙara ta yi yawa, sai mai saurare ya maƙale a farkon maɓallin, inda sau da yawa kunnen hagu da na dama ba sa daidaita. Shi ya sa amfilifaya mai kyau take zuwa da makunnin rage ninki, kuma ga mai hedfon fiye da ɗaya wannan ɗan makunni ya fi ƙarin wat amfani.

Turjiyar bakin amfilifaya

Ita ma amfilifaya tana da tata turjiyar a bakin da ake jona hedfon, kuma a nan ne ainihin abin da masu sha'awa ke kira jituwa tsakanin na'urori yake. Turjiyar hedfon mai naɗin waya ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ta HD 600 om 300 ce a tsakiyar murya, amma takan haura kusan 500 a wajen kaurin sauti, inda tantaninsa ke kaɗawa kimanin sau 100 a daƙiƙa. Idan bakin amfilifaya yana da om 120, hedfon zai samu kashi 71 cikin ɗari na bolt ɗin a tsakiyar murya, ya samu kusan kashi 81 a wajen kauri, sai bas, wato kaurin sautin, ya ƙaru da kimanin desibel ɗaya. Wannan ɗumin ne ya sa amfilifayar kwalba marar taransifoma a baki, irin Bottlehead Crack, ta yi suna wajen masu HD 600 da HD 650. Amma idan aka jona mata hedfon mai om 32, kashi ɗaya cikin biyar na bolt ɗin ne kawai zai isa gare shi, kuma bas yakan saki ya zama luɓus. Wata ƙa'idar 1996 ta IEC, hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki, ta ba da shawarar om 120 a bakin amfilifaya, sai dai kasuwa ta bar ta a baya. Abin da aka fi bi yanzu shi ne kada turjiyar baki ta wuce ɗaya bisa takwas na ta hedfon, kuma yawancin amfilifayar taransista ta zamani ba ta kai om ɗaya ba. Hedfon mai shimfiɗaɗɗen tantani tsakanin jerin maganaɗisu, irin na Audeze da HiFiMan, turjiyarsa kusan a miƙe take, don haka launin sautinsa ba ya canzawa ta wannan hanya.

Hedfon na tsayayyen lantarki shi dabam yake. Tun daga SR-1 da Stax ya fitar a 1960, irin wannan hedfon yana aiki ne da siririn tantani da ake ɗora wa caji tsakanin faranti biyu masu huji, kuma na Stax na yanzu bolt 580 ake ɗora masa. Ba ya shiga ramin amfilifaya ta gama-gari ko kaɗan, dole sai tasa ta musamman, don haka kuɗinta yana cikin kuɗin hedfon tun daga farko.

Majuyin sauti

Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana ɗaukar sauti sau 44,100 a daƙiƙa, kowane ɗauka da bit 16. Wannan ya isa ya riƙe sautin da ke kaɗawa har sau 22,050 a daƙiƙa, sama da iyakar kunnen ɗan Adam da ke wajen 20,000, kuma yana ba da tazarar kusan desibel 96 tsakanin mafi ƙarancin sauti da mafi ƙarfinsa. Bit 24 a lissafi desibel 144 ne, amma babu majuyin da ke kaiwa can, domin hayaniyar kayan lantarkin kansu takan tare hanya. Mafi yawan majuya na yau suna amfani da dabarar delta-sigma a cikin ɗan cif na ESS ko Cirrus Logic na Amurka ko AKM na Japan. Gobarar da ta kama masana'antar AKM a Nobeoka a Oktoban 2020 ta sa kamfanoni da dama suka koma cif ɗin wasu. Akwai kuma masu bin tsohuwar dabarar tsanin rezisto da ake kira R-2R, da irin su Chord na Ingila da ke rubuta nasu tsarin a cikin cif.

Sunan cif ba ya faɗin ingancin akwati, domin wutar da ke ciyar da shi da kewayen da ke bayansa suna da nasu tasirin. Kuma a cikin sassa ukun nan, wato hedfon da amfilifaya da majuyi, majuyi ne bambancinsa ya fi wuyar kamawa da kunne. A 2007 Brad Meyer da David Moran sun wallafa wani gwaji da aka ɓoye wa masu saurare abin da ake kunna musu, inda suka kasa bambance sauti mai zurfin lambobi da wanda aka mayar matakin CD. A 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara gwaje-gwaje 18, ya gano cewa ana iya bambancewa, amma da ɗan rinjaye ƙalilan a kan cankar sa'a, sai dai waɗanda aka horar sun fi dacewa. Gardamar ba ta mutu ba, amma ko mai goyon bayan majuyi mai tsada ba zai ce bambancinsa ya kai na sauya hedfon ko ma sauya matashin kunnensa ba. Abin da ya fi dacewa a duba shi ne mashigansa, ko USB ne ko wayar haske ta Toslink ko ta S/PDIF, da kuma ƙarfin da yake fitarwa, wanda bisa al'ada bolt 2 ne ta fulogin RCA, 4 ta na XLR.

Fulogi da wuta

Bayan fulogin milimita 3.5 da na 6.35, akwai haɗin balans, wanda kowane kunne ke da nasa wayoyi biyu dabam, ta XLR mai ƙafa huɗu ko fulogin 4.4. Amfaninsa a hedfon shi ne a na'urori da yawa yana ninka bolt sau biyu; wanda hedfon ɗinsa ya wadatu da ramin gama-gari ba abin da zai ƙaru da shi. Ba a jona hedfon mai fulogin gama-gari a ramin balans ta hanyar adafta, domin hakan yana gama wayoyi biyu da bai kamata su haɗu ba, yana iya ƙona amfilifaya. Idan kuma aka ji gunji da zarar an jona cajar kwamfuta, ya ɗauke da an zare ta, to laifin daga wayar lantarkin da ake haɗawa da ƙasa ne, kuma wayar haske takan magance shi tunda ba lantarki take ɗauka ba. Mai odar kaya daga waje sai ya kula da wutar gida: Amurka bolt 120 take amfani da shi, Japan 100, Nijeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230, kuma wasu ƙananan amfilifayoyi suna zuwa da adaftar da ba ta karɓar wutar wata ƙasa.

Gwadawa da kunne

Wajen gwada na'urori biyu, wadda ta ɗan fi ƙara ita kunne ke zaɓa, ko da bambancin bai kai desibel ɗaya ba, shi ya sa masu bincike ke daidaita su da ma'auni har zuwa desibel 0.1 kafin a saurara. Wanda ke gyara launin sauti da manhaja, kamar masu bin tsarin da Sean Olive da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin Harman, ya sani cewa ƙara wa bas desibel 6 yana cin ƙarfi ninki huɗu, sai a saka wannan a lissafin amfilifaya. Sauti mai tsabta kuma ba ya gargaɗin kunne kamar yadda fasasshen sauti ke yi, don haka mai babbar amfilifaya yakan ƙara murya bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya iyakar saurare ga babban mutum a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi.