Waiwaye: yadda dokar gulma ta zama abin rigima a wajen Yahudawa

Duk sanda aka fallasa wani mai cin zarafin yara a unguwannin Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, ko a Isra'ila ko a Amurka, sai ka ji an rabu gida biyu, wasu na cewa a yi shiru wannan lashon hara ne, wasu na cewa ai shirun ne ya kai mu ga haka. Mutane na ɗauka WhatsApp ne ya kawo rigimar. Ina, abin ya daɗe.

Lashon hara dai mugun harshe ke nan, ka faɗi aibin mutum a bayan idonsa ko da gaskiya ne, kusan yadda mu muke fahimtar giba. In ƙarya ce sunanta motzi shem ra, wato ƙazafi, kai-komo da magana tsakanin mutane kuma rekilut, annamimanci. Labaran farko sanannu ne. A Attaura Maryamu ƴar'uwar Annabi Musa ta yi maganarsa, cutar fata ta kama ta, aka fitar da ita bayan zango kwana 7. Talmud, babban kundin koyarwar malamansu na da, ya ce harshe mutum uku yake kashewa, mai faɗa da mai ji da wanda ake faɗa a kansa. Babban malaminsu Musa bin Maimun da ya rasu a Masar a 1204 shi ma ya sa batun a littafinsa na shari'a, amma a gajarce.

Inda ni nake ganin labarin ya juya shi ne 1873. A shekarar wani malami daga ƙaramin garin Radin (yau yana Belarus), Yisrael Meir Kagan, ya buga littafi a Bilna (Vilnius, babban birnin Lithuania a yau) mai suna Chofetz Chaim, ko sunansa bai sa a kai ba, daga baya ma sunan littafin ne ya zama laƙabinsa har ya rasu a 1933. Da can gulma yawanci batun wa'azi ce, a tsoratar da kai a wuce. Shi kuwa sai ya zauna ya mai da ita fiƙihu, babi-babi, me ya halatta ka faɗa, a gaban wa, in ka ji za ka iya gaskatawa ko a'a, har ya lissafo dokokin Attaura 31 da mai gulma zai iya karyawa, hani 17 umarni 14.

To ga ɓangaren da ba a cika ambata ba. A cikin littafin nan akwai babi guda kan lokacin da magana ta halatta saboda amfani, to'elet suke ce masa, da sharuɗɗa 7. Ka tabbatar da abin da kanka, ka auna ko laifi ne da gaske, ka fara yi wa mutumin nasiha, kar ka ƙara gishiri, niyyarka ta zama gyara ba huce haushi ba, ya zama babu wata hanyar, kuma kar cutarwar ta wuce abin da kotun addini za ta yanke masa. Kai ayar ma da ta hana yawo da tsegumi, Littafin Firistoci 19:16, ƙarshenta cewa ta yi kar ka tsaya kana kallon jinin maƙwabcinka.

Amma fa hani sauƙin haddacewa gare shi, sharaɗi bakwai kuwa sai an zauna gaban malami. Da karatun littafin ya yaɗu a ƙarni na 20, aka yi masa jadawalin karantawa kullum, aka koya wa ƴan firamare, abin da ya fi zama a kan mutane shi ne "kama bakinka". Uwar da ɗanta ya dawo daga makaranta yana kuka ya kasa faɗin me aka yi masa, ba ta ga komai da idonta ba, tun a sharaɗin farko take jin ta gaza, alhali malamansu da yawa sun ba da fatawa cewa in rai ko lafiyar yaro na cikin haɗari kai ƙara wajibi ne.