Waiwaye: Jiragen Mariner da kwanakin tasha da gudu ya kasa ragewa

A 'yan shekarun nan muhawara ta yi zafi a Amurka a kan jiragen ruwa na dakon kaya. Fiye da rabin manyan jiragen kasuwanci da ake ƙerawa a duniya yanzu daga Sin suke fitowa, kason Amurka kuwa bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Masu fargabar ɓarkewar yaƙi suna tambaya: da wane jirgi za a tsallakar da kayan sojoji idan ranar ta zo? Cikin shawarwarin da ake bayarwa akwai cewa gwamnati ta zana jirgi samfuri ɗaya, mai gudu, ta raba aikin ƙera shi ga masana'antu da yawa. An taɓa yin haka kimanin shekara 70 da suka wuce, da jiragen da ake kira Mariner, kuma duk mai son sa baki a wannan magana ya kamata ya san yadda aka ƙare da su.

Farkon labarin sananne ne. A yaƙin duniya na biyu Amurka ta ƙera jiragen Liberty guda 2,710, masu injin ƙarfin doki 2,500, suna tafiyar mil 11 na teku a awa, wato kimanin kilomita 20. Rashin gudunsu ya sa dole su yi tafiya a ayari da rakiyar jiragen yaƙi. Daga baya aka fito da Victory sama da 500, masu mil 15 zuwa 17. Da yaƙi ya ƙare, dokar 1946 ta ba da izinin sayar da rarar jiragen nan da araha, teku ta cika da su. Ana cikin haka sai ga jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa sun ƙara sauri, domin samfurin ƙarshe da Jamus ta ƙera yana kai mil 17 a nutse. Yaƙin Koriya ya ɓarke a Yunin 1950, buƙatar jirgin da zai iya tafiya shi kaɗai ba rakiya ta fito fili.

Hukumar kula da jiragen kasuwanci ta Amurka ta fitar da zane mai lamba C4-S-1a, aka ƙera jirage 35 a masana'antu bakwai tsakanin 1952 da 1955. Na farko shi ne Keystone Mariner, sauran ma kusan duk laƙabin jihohin Amurka aka sa musu. Tsawon kowanne kimanin mita 172, faɗi mita 23, yana ɗaukar tan 13,000 da ɗoriya a rumbunan kaya bakwai, kowane rumbu da hawa-hawa a cikinsa da sandunan ɗaga kaya a bakinsa. Farfela ɗaya ce, injin tururi mai ƙarfin doki 17,500 ke juya ta, ana iya matsa shi ya kai 19,250. Gudun aiki mil 20 a awa, kilomita 37 ke nan, kuma a lokacin da wuya a sami jirgin kaya da zai bi ƙurarsa. Ta fuskar ƙira babu abin kushewa. Har yau masu nazarin yadda jirgi ke amsa matuƙi suna koyar da ɗalibai da alƙaluman gangar jikin Mariner.

Sai dai gudu a ruwa yana da tsada ta musamman. Ƙarfin da injin ke buƙata yana hawa ne kusan ninki uku na lissafi, wato gudu sau gudu sau gudu. Idan aka tashi daga mil 15 zuwa 20, man da ake ƙonawa a yini zai ninka sau biyu da kusan rabi, na tafiya ɗaya kuma ya ƙaru da kusan kashi 80 cikin ɗari. Ga kuɗin ƙerawa, kowane jirgi ya ci sama da dala miliyan 8, alhali ana samun tsohon Victory a wajen miliyan ɗaya. Da aka tsagaita wuta a Koriya a Yulin 1953, kasuwa ta yi sanyi, aka ɗaure da yawa daga cikin sababbin jiragen a ma'ajiya, wasu ba su fi 'yan watanni suna aiki ba. A watan nan ne kuma Cornhusker Mariner ya hau kan duwatsu a bakin Busan ya karye. Rundunar sojan ruwa ta karɓi biyar. Uku aka mayar da su na fasinja, biyu daga ciki su ne Mariposa da Monterey da suka yi suna a tekun Fasifik. Sauran sai da aka rage farashi zuwa wajen rabi kafin kamfanoni suka saya.

Yawancin masu ba da tarihin daga nan sai su tsallaka zuwa 1956 da zuwan kwantena. Amma akwai abin da ya faru a 1954, lokacin da ake ci gaba da ƙera Mariner, wanda a ganina shi ne ya nuna inda gizo ke saƙa.

A watan Maris na shekarar, wani bincike da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsa ya bi diddigin tafiya ɗaya ta wani jirgin kaya mai suna Warrior, samfurin C-2 mai rumbu biyar, daga Brooklyn zuwa Bremerhaven ta Jamus. Masu binciken sun ƙirga komai. Jirgin ya ɗauki tan 5,015, amma a ƙirgen guda-guda kayan 194,582 ne: akwatuna 74,903, kwalaye 71,726, buhuna 24,036, duro 1,538, motoci 53, da sauran tarkace. Sun zo ne a aike 1,156 daga garuruwa 151 na Amurka. Katako da igiyar da aka tokare kayan da su kaɗai sun ci sama da dala 5,000. Lodi ya ɗauki kwana 6, har da kwana ɗaya da yajin aiki ya cinye. Tsallaka teku kwana 10 da rabi. Sauke kaya kwana 4, duk da cewa a Bremerhaven dare da rana ake aiki. Rabin kwanakin tafiyar ke nan jirgin yana ɗaure a tasha.

Ta wajen kuɗi abin ya fi haka. An kashe dala 237,577 a kan jigilar gaba ɗaya. Tafiyar teku ta ci kashi 11.5 cikin ɗari kacal, lodi da sauke kaya suka ci kashi 36.8. Daga ranar da aka tura kayan farko daga cikin ƙasa zuwa ranar da na ƙarshe ya isa hannun mai shi a Turai, kwana 95 ne.

A ɗora Mariner a kan wannan hanya a gani. Tazarar ta kai wajen mil 3,500 na teku. Jirgi mai mil 20 a awa yana cin mil 480 a yini, saboda haka zai tsallaka a kwana 7 da 'yan awoyi. An rage kwana 3 ke nan cikin 95, a ɓangaren da dama shi ne mafi arha. Ba a nan ma ta tsaya ba. Idan aka loda masa ninki biyu na kayan Warrior, bakunan rumbu bakwai yake da su a maimakon biyar, lissafi mai sauƙi ya nuna zaman tasha zai tashi daga kwana 10 zuwa wajen 14. Abin da gudu ya samo, girma ya cinye. Kamar tirela ce mai lafiyar inji da ke kwana huɗu a tasha tana jiran 'yan dako.

Dalilin wannan jinkiri yana cikin yadda ake aikin kansa. Kowane bakin rumbu ƙungiyar leburori ɗaya ke aiki a kansa, kimanin mutum 20, wasu a ƙasa, wasu a kan winci, wasu a ciki. Ana tara kaya a raga ko a kan faifan katako, tan ɗaya zuwa biyu a ɗagawa guda, a zura su tsakiyar rumbu. Ƙugiya iyakarta daidai bakin, don haka daga nan da hannu ake jan kowane buhu da akwati zuwa lungunan gefe. Jikin jirgi ba murabba'i ba ne, yana lanƙwasa a gaba da baya, sai a cike gibi da katako don kada kaya su motsa idan igiyar ruwa ta taso. Kayan da suka motsa suna fasa juna, idan sun yi yawa suna iya karkatar da jirgin. Mai nauyi ƙasa, mara nauyi sama. Mai wari ba ya kusantar abinci. Kayan tashar farko dole su kasance a sama, in aka yi kuskure aka danne su, sai an kwashe na kansu an ajiye a gefe sannan a mayar, aiki biyu kuɗi biyu. Ruwan sama na sauka a rufe rumbu a zauna. Kuma jirgi ba ya tashi sai rumbun da ya fi kowanne cika ya gama, ko da sauran shida sun daɗe da rufewa. Babu ɗaya cikin waɗannan da ƙarfin doki 17,500 ke taɓawa. Duk tsawon zaman nan albashin ma'aikata na tafiya, inshora na tafiya, bashin da aka sayi jirgin da shi yana tafiya, kuma jirgi mai tsada zamansa ya fi na mai arha ciwo.

Shekara biyu bayan binciken, ranar 26 ga Afrilu 1956, jirgin Ideal X ya tashi daga Newark zuwa Houston da kwantena 58. Kuɗin lodin tan ɗaya ya sauko daga kusan dala 6 zuwa wajen santi 16. Jirgin tsohuwar tankar mai ce ta zamanin yaƙi, ba ta kusa da gudun Mariner.

Wannan bai kashe Mariner nan take ba, kuma adalci ne a faɗi cewa sun yi shekaru masu albarka. A doguwar hanya, daga gabashin Amurka ta mashigin Panama zuwa Japan da Filifin, kwanakin teku sun rinjayi na tasha, kaya masu daraja kuma suna biyan kuɗin sauri. Kamfanonin da suka saye su sun ci riba, har aka yi ta ƙera sababbin jirage a kan zanensu a farkon shekarun 1960. Kamfanonin Ingila da Jamus da Japan su ma suka shiga tseren jiragen kaya masu mil 20 zuwa 21, musamman bayan rufe mashigin Suwez a 1967. Amma a yaƙin Biyetnam darasin Warrior ya sake bayyana, a fagen da aka ƙera Mariner dominsa. A 1965 da 1966 jirage sun yi ta isa da wuri suna jibgewa a bakin Saigon, wasu makonni suna jiran wurin sauke kaya, abin bai yi sauƙi ba sai da aka gina sababbin tashoshi aka kuma fara kai kwantena a 1967.

Wajen 1970 aka yanka wasu Mariner gida biyu aka ƙara musu tsawo a tsakiya, aka cire hawa-hawan rumbu da sandunan ɗaga kaya, aka mayar da su na kwantena. Tashin farashin mai na 1973 ya ƙarasa sauran, domin injin tururi ya fi na dizal shan mai nesa ba kusa ba. Ko jiragen kwantena takwas na samfurin SL-7, masu mil 33 a awa da ƙarfin doki 120,000, ba su cika shekara goma a kasuwa ba suka koma hannun sojan ruwa. Wanda ya fi daɗewa a aikin gwamnati cikin Mariner shi ne Empire State Mariner, da aka sauya wa suna Observation Island, ya yi gwajin makamai masu linzami sannan ya ɗauki na'urar rada mai bin sawunsu har zuwa 2014.

Manyan jiragen kwantena na yau, tun bayan 2008, yawanci ba sa tafiya da gudun Mariner, da gangan suke rage wuta don tsimin mai, amma zamansu a tasha bai cika wuce kwana ɗaya ko biyu ba. Tambayar gudu tana da muhalli idan maganar tsere wa abokin gaba ake yi. Sai dai jirgin da gwamnati za ta zana don yaƙi, a kwanakin zaman lafiya ɗan kasuwa ne zai riƙe shi, shi kuma kwanakin tasha da tan ɗin mai yake ƙirgawa kafin ya sa hannu. Kayan soja kuma, tankoki da manyan motoci da injinan gini, da yawansu ba sa shiga kwantena, tashar da za a kai su ma wataƙila ba ta da ƙugiya ko ɗaya da ke aiki.