Hutu a jirgin ruwa lokacin annoba: wa ke da ikon saukar da kai, wa ke biyan kuɗi?

A ƙarshen Disamban 2021, annobar korona na tsaka da ci, kawuna ya kira ni shagonsa a Babbar Kasuwar Yamai. Ina zama ya miƙo mini waya. Talla ce wani mai sayar da tikiti ya turo masa ta WhatsApp: kwana 7 cikin katafaren jirgin ruwa, a tashi daga Dubai a zaga garuruwan gaɓar teku a dawo, farashi ya faɗi warwas. Shekara da shekaru yana zuwa Dubai saro kaya, bai taɓa zuwa da matarsa Inna ba, yanzu yana so ya faranta mata. Ya ce: "Ɗana, kai da ka saba karatun takardun doka, an hana ko ba a hana ba?"

Na ce masa: "Kawu, ba a hana ku ba. Amma kafin ku shiga, sai mun san wanda ke da ikon barinku ku fito."

Nan ne gizo ke saƙa. Duk wanda ke shawarar irin wannan tafiya lokacin da cuta ke yawo, dokoki iri uku ne ke kansa: ta duniya, ta ƙasar da jirgin zai tsaya, da yarjejeniyar da ya sa wa hannu da kamfani. Ta ukun ita ce ba a karantawa, kuma ita ta fi cin aljihu.

Ta farko ita ce Dokar Kiwon Lafiya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda aka amince da ita a 2005 ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fara aiki ranar 15 ga Yunin 2007. A 2021 ƙasashe 196 ne ke cikinta, har da Nijar. Kowa a cikinmu ya taɓa haɗuwa da ita ko bai san sunanta ba: katin rigakafin nan mai ruwan ɗorawa da ake tambaya a filin jirgin Diori Hamani, na cutar shawara, daga cikinta ya fito. Allurar tana fara aiki a idon doka kwana 10 bayan an yi ta, kuma tun Yulin 2016 shaidarta ta har abada ce, ba a sabunta ta.

Game da jiragen ruwa, aya ta 37 ta ɗora wa kyaftin nauyin bincika lafiyar waɗanda ya ɗauko kafin ya isa tashar farko ta wata ƙasa, ya cika takardar shaida ya miƙa wa hukuma idan ta nema: akwai mara lafiya, akwai wanda ya rasu, ina aka biyo. Aya ta 28 kuwa ta ce kada a hana jirgi shiga tasha saboda dalilin lafiya, kada a hana shi sauke mutane, ko shan mai, ko ɗaukar ruwa da abinci. Hukuma na iya shiga ta duba, ta sa a yi feshi, in tashar ba ta da kayan aiki ta tura shi wata mafi kusa.

Da a nan aka tsaya, da hankali ya kwanta. Sai dai ayar ta buɗe ne da sharaɗin aya ta 43, wadda ta ba kowace ƙasa damar ƙara nata matakai idan ta ga haɗari. An gindaya mata sharuɗɗa: matakin ya dogara da hujjar kimiyya, kada ya fi ƙarfin abin da ake bukata, kuma idan ya kai ga hana shiga ko tsaiko fiye da awa 24, ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cikin awa 48 tare da dalilinta. Hukumar na iya roƙon ƙasa ta sake tunani. Ba ta da ɗan sanda, ba ta cin tara. Ma'ana, ranar da gwamnati ta tsorata, ita ke da maganar ƙarshe a bakin tasharta.

Mun ga haka da idonmu a Fabrairun 2020. Jirgin Westerdam ya baro Hong Kong da mutum sama da 2,000, ba a tabbatar da cutar a jikin kowa a cikinsa ba, amma Japan da Filifin da Tailan da wasu wurare suka ƙi karɓarsa. Ya yi kusan mako biyu yana gararamba a teku kafin Kambodiya ta buɗe masa tasha ranar 13 ga wata. Na jirgin Diamond Princess ya fi muni. An tsare shi a tashar Yokohama ta Japan da mutum 3,711, aka killace fasinjoji a ɗakunansu kwana 14, a ƙarshe sama da 700 suka kamu, fiye da 10 suka rasu.

Ina so mai karatu ya tsaya kan kalmar nan, ɗaki. Tikitin da ya fi araha, irin wanda aka tallata wa kawuna, na ɗakin ciki ne, wanda ba shi da taga ko kaɗan. A ranakun lafiya ba damuwa, barci kawai ake yi a ciki, yini ana waje. Ranar da aka ce kowa ya zauna inda yake, wannan ɗakin shi ne duniyar mutum: gado, banɗaki, fitilar lantarki, a ƙwanƙwasa ƙofa a ajiye tire. Inna mai hawan jini ce, kuma mace ce da ba ta iya yini ba ta zauna a tsakar gida ta ga sama ba. Da na kwatanta masa wannan, sai ya ajiye kofin shayinsa bai ƙarasa ba.

To wanda aka killace yana da haƙƙi? Yana da shi, a rubuce. Aya ta 32 ta wajabta wa ƙasa ta mutunta shi, ta lura da addininsa da al'adarsa da kasancewarsa mace ko namiji, ta tanadar masa abinci da ruwa da wurin kwana da magani, ta kare kayansa, ta ba shi hanyar magana da mutanensa. Aya ta 40 ta ce kada a karɓi kuɗi daga matafiyi don gwajin da aka tilasta masa ko don killace shi, in ba mai neman zama a ƙasar ba ne. A aikace ƙasashe da yawa sun sa matafiya biyan kuɗin otal ɗin killacewa da na gwaji daga aljihunsu lokacin korona, kuma wanda ke tsare a baƙuwar ƙasa ba shi da inda zai kai ƙara cikin dare. Aya ta 31 ma ta ba ƙasa damar neman gwaji ko rigakafi kafin shiga, wanda ya ƙi a mayar da shi.

Doka ta biyu, ta ƙasashen da jirage ke tsayawa, ita ce mai sauyawa kamar iskar hunturu. Amurka ta hana manyan jiragen shaƙatawa tashi daga tashoshinta ranar 14 ga Maris na 2020, ta mayar da hanin izini mai sharaɗi a ƙarshen Oktoban shekarar, sharuɗɗan suka ci gaba har tsakiyar Janairun 2022. A makon da muke wannan zance da kawu, ranar 30 ga Disamba, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta shawarci mutane su guji hawa irin waɗannan jirage ko sun yi rigakafi, saboda nau'in korona na Omikron. Shawara ce, ba hani ba, shi ya sa jirage suka ci gaba da tafiya, ana kuma ci gaba da tura talla.

Ga ɗan Nijar akwai ƙarin nauyi da Bature ba ya ɗauka. Ba mu da teku. Duk wanda zai hau jirgin ruwa sai ya fara hawa na sama, sau da yawa ya yada zango a wata ƙasa, kowace da tata doka. Sannan gida ma na iya rufewa a bayanka: a Maris na 2020 an rufe filayen jiragen sama na Yamai da Damagaram ga jiragen waje tare da iyakokin ƙasa, jiragen fasinja ba su dawo ba sai farkon Agusta. Da aka tsare Diamond Princess, Amurka da Kanada da Ostireliya sun aika jirage sun kwashe mutanensu. Ɗan ƙasar da ba shi da ofishin jakadanci a kusa, shi da Allahnsa da abin da ke aljihunsa. Biza kuma ba ta san annoba ba: in kwanakinta sun ƙare kana tsare, wata sabuwar matsala ce.

Sai ta uku, yarjejeniyar tikiti. Galibin kamfanoni suna rubuta cewa suna da ikon sauya hanya ko soke tsayawa a wani gari, da ikon hana mutum hawa idan gwajinsa ya nuna cuta, da ikon tsare shi a ɗaki bisa umarnin likitan jirgi. Ganin likita a cikin jirgi kuɗinsa daban, ba ya cikin tikiti. Takardar ce kuma ke faɗin kotun da za a je idan rigima ta tashi, kuma manyan kamfanonin Amurka sukan rubuta jiharsu ta Fulorida. Wa zai tashi daga Yamai ya je can neman haƙƙin tikiti biyu?

Wanda ya sayi tafiyarsa a dunƙule daga kamfanin da ke ƙarƙashin dokar Tarayyar Turai ya fi samun kariya. Dokarsu ta 2015 ta ce idan wani babban lamari da ba makawa ya auku a inda za a je, har ya shafi tafiyar sosai, matafiyi na iya fasawa ba tare da an cire masa komai ba, a mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 14. Faransa ta kauce wa wannan a Maris na 2020, ta ba kamfanoni damar ba da takardar bashi mai wa'adin wata 18 maimakon kuɗi, kotun Tarayyar Turai kuma ta yanke a Yunin 2023 cewa hakan ya saɓa wa doka. Amma a lura da abu biyu. Wanda ya sayi tikiti annoba na tsaka da ci, da saninsa, zai sha wuya kafin ya ce lamarin ya zo masa ba zato. Kuma wanda ya ba dillali kuɗi hannu da hannu, aka haɗa masa tikitin sama daban na ruwa daban, wataƙila wannan kariya ba ta hau kansa ba sam.

Inshora ma a karanta ta. Wadda ake nema don bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai dole ta kai Yuro 30,000, kusan sefa miliyan 20, amma ta jinya ce da mayar da mutum gida. Ba lallai ta biya tikitin da ya ƙone ko kwanakin otal na killacewa ba, wasu ma sun cire annoba ƙarara daga abin da suke biya.

Ra'ayina ban ɓoye wa kawu ba, ba kuma zan ɓoye a nan ba. Muddin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan cutar da ake ɗauka ta numfashi, kamar yadda ta yi wa korona daga 30 ga Janairun 2020 zuwa 5 ga Mayun 2023, dattijo ko mai ciwon suga ko hawan jini ba shi da abin nema a cikin jirgin da dubban mutane ke cin abinci a zaure ɗaya. Matashi mai lafiya da ya nace, to ya riƙe kuɗin zaman mako biyu da na sabon tikitin dawowa a gefe, ya kuma ga sharaɗin fasawa da idonsa kafin ya biya ko dala.

Kawu ya kira mai tikitin nan take, ya sa wayar a fili ina ji. Ya ce masa: "Malam, in an gwada mu a bakin jirgi aka ce ɗayanmu na da ita, kuɗina fa?" Mutumin ya ce in sha Allahu ba za a kai ga haka ba. Kawu ya ce ya turo masa a rubuce, da sunan kamfanin da zai biya. Muka jira har aka kira la'asar, ba abin da ya shigo. Ya mayar da ambulan ɗin kuɗin cikin durowa ya kulle, ya ce in raka shi gida, ni zan yi wa Inna bayani.