Wane gwaji ne mai gazawar zuciya zai yi wa azumi?

Yawancin gwaje-gwajen gazawar zuciya ba sa buƙatar a bar abinci. Gwajin jini na NT-proBNP (sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan zuciya na wahala), wanda idan ya fito ƙasa da 125 ga wanda ba a kwance yake ba da wuya a ce zuciya ta gaza, ana yin sa ko mutum ya ƙoshi. Haka ECG (awon lantarkin bugun zuciya), da eko (hoton zuciya) na kan ƙirji, da gwajin ƙoda da fotasiyam, da HbA1c (awon matsakaicin sukarin jini na 'yan watanni).

Masu buƙatar azumi kaɗan ne. Awon sukari na safe awa 8 ne. Awon kitsen jini awa 9 zuwa 12 idan likita ya nema, ko da yake yanzu ba kullum ake nema ba. Eko da ake zura na'ura ta maƙogwaro kuwa a bar abinci awa 6, domin ana kashe maƙogwaron a ba da maganin barci, abin da ke ciki na iya komawa huhu. Gwajin wahalar da zuciya da allurar adenosine shi kuma kofi, shayi da cakulan yake hanawa, awa 12 zuwa 24, don sinadarin kafin (caffeine) da ke cikinsu yana kashe ƙarfin allurar.

A azumin gwajin jini ana shan ruwa, gwargwadon abin da likita ya ƙayyade wa mutum a rana. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai shan furosemide, maganin rage ruwan jiki: idan ya bar ruwa, ga magani na fitar da fitsari, sai jini ya sauka, jiri ya kama shi, sakamakon ƙoda ma ya fito da muni fiye da yadda take.

Matsalar da ta fi yawa a magani take. Kada a dakatar da maganin zuciya sai an ce a dakatar, ana haɗiye shi da ɗan ruwa. Mai amfani da insulin ko gliclazide, magungunan ciwon sukari, ya tambayi yadda zai rage tun ana saura kwana ɗaya, kada sukari ya faɗi. Dapagliflozin da empagliflozin, magungunan sukari da ake ba masu gazawar zuciya ma, ana tsayar da su kwana 3 kafin tiyata, saboda da yunwa suna sa jini ya yi tsami ko da sukari bai hau ba. Metformin, shi ma maganin sukari, kan jira awa 48 bayan allurar rini ta ɗaukar hoton cikin jiki idan ƙoda ba ta da ƙarfi. Mai awon digoxin, wani maganin zuciya, a ɗebi jininsa aƙalla awa 6 bayan shan ƙwayar, in ba haka ba sakamakon zai haura, a rage masa magani ba dalili.