Kuɗin sallama da ritayar nakasa: ma'anarsu a aikin sojan Amurka

A wurinmu, in aka ce soja ya ajiye kaki, abu biyu ake sa rai: garatuti a dunƙule, sannan fansho ya riƙa biyo baya wata-wata. Wannan sabo ne yake rikita 'yan uwa masu ɗa ko ƙane a rundunar sojan Amurka, domin mai takardar zama ta dindindin yana iya shiga soja a can ko da bai zama ɗan ƙasa ba. Sai a bugo waya a ce an sallami yaro saboda ciwon baya, an ba shi dala dubu sittin da 'yan kai, gida ya ɗauki murna ana jiran fansho. Fanshon kuwa ba zai zo ba. Wanda rashin lafiya ta fitar da shi kafin ya cika shekara 20 a bakin aiki, ɗaya daga cikin biyun yake samu: ko kuɗin sallama, ko ritayar nakasa.

Dukansu suna cikin Babi na 61 na dokar soja ta ƙasar. Idan soja ya ji rauni ko ya kamu da ciwon da ya hana shi aikinsa, kwamitin likitoci ne yake fara duba shi. Daga nan a miƙa fayil ɗinsa ga kwamiti na biyu, wanda zai ce ko zai iya ci gaba da aiki ko ba zai iya ba. In an ce ba zai iya ba, sai a auna nakasar a ba ta maki, daga sifili zuwa ɗari, goma-goma. Wanda makinsa ya kai kashi 30 ana yi masa ritaya: yana da fansho har ƙarshen rayuwarsa, kuma shi da iyalinsa suna nan cikin TRICARE, inshorar lafiya ta sojoji. Wanda ya tsaya a kashi 20, ko 10, ko sifili, ana ba shi kuɗin sallama sau ɗaya, a yi ban kwana.

Ke nan ba a ajiye wa soja faranti biyu a ce ya ɗauki wanda ransa yake so. Makin ne yake yanke hukunci. Inda zaɓi yake shigowa shi ne ranar da aka miƙo masa sakamakon kwamiti, wanda a rundunar sojan ƙasa ake rubutawa a fom mai lamba 199, aka ce ya sa hannu ya amince ko ya ƙalubalanta.

Lissafin kuɗin sallama ba shi da wuya: albashin tushe na wata biyu, a ninka da yawan shekarun aiki. Ba a ƙirga ƙasa da shekara 3, ba a wuce 19, kuma wanda ya ji raunin a fagen yaƙi ana ƙirga masa aƙalla 6. Mu ɗauki misalin saje mai shekara 8 a bakin aiki da aka sallama saboda ciwon baya, a ce albashin tushensa dala 4,000 ne. Zai tashi da dala 64,000 kafin haraji. Da a ce kashi 30 aka ba shi, fanshonsa zai kama wajen dala 1,200 a wata, domin ana duba hanya biyu, makin nakasa ko shekarun aiki, a ba shi wadda ta fi tsoka, ba tare da an haura kashi 75 na albashin tushe ba. Cikin shekara huɗu da rabi fanshon ya tarar da dunƙulen kuɗin, alhali mutumin wataƙila bai cika shekara talatin da haihuwa ba.

Duk da haka na san abin da yake jan mutane. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Mutum ya gaji da zaryar asibiti, ga bashin mota, ga gida ana jiran aike, ga kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu ba. Ban ga laifinsa ba. Amma akwai wani abu game da wannan ƙwan da ya kamata a faɗa masa da babbar murya kafin ya sa hannu.

Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wadda kowa yake kira VA, tana biyan diyyar nakasa tata daban, wata-wata, ba haraji. Doka ta hana a biya mutum sau biyu a kan ciwo ɗaya. Saboda haka VA takan riƙe diyyar wannan ciwon da aka sallame shi a kansa har sai ta fanshe kuɗin sallamar da ya shiga hannunsa. A ce bayan haraji sajen nan dala 50,000 ya karɓa, diyyar bayan nasa kuma dala 350 ce a wata. Zai yi kusan shekara 12 bai ga wannan diyyar ba. Abin da aka kira kuɗin sallama, ga mafi yawan mutane, haƙƙinsu ne na gaba aka ba su tun yau. An bayar da dama, ana karɓa da hagu a hankali.

Banda wanda ya ji raunin a fagen yaƙi, kamar Iraƙi ko Afganistan. Tun daga gyaran dokar da ya fara aiki a Janairun 2008, ba a cire masa komai, kuɗin nasa ne halak malak. Raunin yaƙi kuma ba a cire masa haraji, ko da yake an yi shekaru ana cirewa bisa kuskure, har sai da majalisa ta yi doka a 2016 aka buɗe wa waɗanda abin ya shafa tun daga 1991 hanyar karɓo kuɗinsu.

Don kada a ce na zuzuta ritaya fiye da kima, ita ma tana da nata yankan. Duk dalar da VA ta ba mai ritayar nakasa ana cire kwatankwacinta daga fanshonsa, sai fa in ya cika shekara 20 kuma makinsa na VA ya kai kashi 50, ko kuma raunin na yaƙi ne ya nemi wata diyya ta musamman da take maido da wani ɓangare. Shi ya sa za ka samu matashin da aka yi wa ritaya, diyyar VA ta haɗiye fanshon gaba ɗaya. To me ya rage masa? Inshorar. A ƙasar da kwana biyu a gadon asibiti yake iya cinye ajiyar shekaru, a ce matarka za ta haihu, ɗanka ya karye a wurin ƙwallo, kuma akwai katin da za ka miƙa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda aka sallama da kuɗi, yawanci kwana 180 ake bar masa inshorar riƙon ƙwarya, daga nan asibitin VA shi kaɗai zai duba, iyali kuwa sai ya nemo musu mafita. A ganina nan ne ainihin bambancin yake, kuma shi ne ba ya fitowa a lissafin da ake yi a bayan ambulan.

Akwai kuma ritayar wucin gadi, ga wanda ya kai kashi 30 amma ciwon bai tsaya wuri ɗaya ba. Ana biyan sa aƙalla rabin albashin tushe, ana sake duba shi lokaci-lokaci, kuma tun 2017 ba a wuce shekara 3 a wannan matsayi. In ya samu sauƙi makinsa ya faɗo ƙasa da 30, shi ma kuɗin sallama zai koma.

Yadda ake samo makin shi ne ya fi damu na. Ɗauki ciwon ƙugu, wanda ya yi wa sojojin ƙasa katutu saboda ɗaukar kaya. Likita zai tsayar da mutum, ya kara masa wani ɗan ma'auni mai hannu biyu a gefen jiki, ya ce sunkuya. In ya sunkuya fiye da digiri 60 bai wuce 85 ba, kashi 10. Fiye da 30 zuwa 60, kashi 20. Digiri 30 ko ƙasa da haka, kashi 40. Babu kashi 30 a tsakani. Sojan da aka horar shekara da shekaru ya cije ya daure, ranar nan ma sai ya cije, ya danne zafin ya ƙara sunkuyawa kaɗan don kada a ga kasawarsa. Wannan 'yar jarumtar ta daƙiƙa biyar tana iya raba 'ya'yansa da inshora. Ba ina cewa a yi ƙarya ba, Allah ya kiyaye. A tsaya inda zafi ya fara, a gaya wa likita yadda bayan yake a ranar da ya motsa.

Sannan rundunar ba ta ƙirga kowane ciwo. Wanda ya hana aiki kaɗai take sa wa a lissafi, VA kuma ta ƙirga duk abin da aikin soja ya jawo. Shi ya sa mutum yake iya samun kashi 70 a VA, takardar rundunar kuma ta ce 20. Sau da yawa gardamar a nan take: gwiwar da aka bari a gefe, ko firgicin da yake hana barci, shin su ma ba su hana shi aiki ba? In aka shigar da ɗaya, lissafin yana iya tsallake 30.

Kuma kwamiti yana kuskure. Bayan tonon sililin da aka yi a 2007 kan halin da sojoji masu rauni suke ciki a asibitin Walter Reed, wanda a lokacin yake Washington, majalisa ta kafa wani kwamiti na musamman don sake duba fayilolin waɗanda aka sallama da kashi 20 zuwa ƙasa tsakanin 11 ga Satumba 2001 da ƙarshen 2009, kuma an mayar da sallamar wasunsu ritaya. Wanda yake cikin aikin yanzu ba sai ya jira irin wannan ba. Doka ta ba shi damar neman a zauna da shi ido da ido, da lauyan da ba zai biya ko sisi ba, kuma yana iya neman a sake duba makin kafin ya fita. Lokacin dai gajere ne, 'yan kwanaki ne kawai daga ranar da takardar ta iso hannunsa. In ɗan'uwanka ya kira ya ce fom ɗin ya zo kuma kashi 20 aka rubuta, kafin ka tambaye shi nawa za a ba shi, tambaye shi ko lauya ya karanta takardar.