Waiwaye: Tafiyar Zanen Tawada a Japan Daga Sesshu Zuwa Yau

Duk wanda ya taɓa ganin almajiri yana haɗa tawada da baƙin tukunya da ƙaro ba zai sha wahalar gane kayan aikin masu sumi-e, wato zanen baƙar tawada na Japan, ba. Su ma baƙin hayaƙi suke tarawa, sai dai da danƙon fatar dabba suke kwaɓa shi, su busar da shi ya zama ɗan sanda mai tauri, kuma har gobe birnin Nara ne ke samar da mafi yawansa. Mai zane zai ɗiga ruwa a kan dutse, ya yi ta goga sandan a hankali har tawadar ta kai kaurin da yake so. Da zarar burushi ya taɓa takarda kuwa, magana ta ƙare, domin takardar tana shanye ruwan nan take, babu gogewa babu gyara.

Asalin wannan fasaha daga ƙasar Sin ne, inda ta bunƙasa a zamanin daular Song, kuma malaman ɗariƙar Zen ta addinin Buda ne suka yaɗa ta a Japan a ƙarni na 13 da na 14. Haikalin Shokoku-ji na Kyoto ya zama makarantarta, inda Josetsu da Shubun suka yi aiki, kuma nan Sesshu, wanda aka haifa a 1420, ya sami horo kafin ya je Sin ya dawo a 1469. Zanensa na 1495 ba ya wuce 'yan fallatsin tawada da wasu gajerun layuka, amma mai kallo yana ganin dutse da bishiya da ɗan kwalekwale.

A ganina, wanda ya kai abin matuƙa shi ne Hasegawa Tohaku, a ƙarshen ƙarni na 16. A kan labulen takarda guda biyu masu ninki shida-shida, ya zana bishiyoyin matsu, masu ganye kamar allura, wasu da tawada mai kauri, wasu da ruwa-ruwa har suna neman ɓacewa. Galibin takardar fara ce fat. Bai zana hazo ba, amma hazo mutum yake gani. Wannan filin da ake bari da gangan shi ne suke kira yohaku, kuma a wurinsu aiki ne, ba ragowar aiki ba.

Bayan sauyin mulki na Meiji a 1868, zanen fenti irin na Turawa ya shigo da ƙarfi har tsohon salo ya fara rasa kasuwa. Ba'amurke Ernest Fenollosa da ɗalibinsa Okakura Kakuzo suka tsaya masa, aka buɗe Makarantar Fasaha ta Tokyo a 1889. Ɗaya daga ɗalibanta na farko, Yokoyama Taikan, ya sha zagi saboda ya yar da layi ya koma inuwa, har masu suka suka laƙaba wa salonsa sunan "dishi-dishi". Shi ne daga baya ya zana naɗaɗɗen hoto mai tsawon fiye da mita 40 da ke bin ruwa daga tsaunuka zuwa teku, aka baje shi ranar 1 ga Satumban 1923, ranar da girgizar ƙasar Kanto ta rusa Tokyo, amma zanen ya tsira.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai tambayar ta sauya: shin dole ne tawada ta nuna wani abu? A 1952 Morita Shiryu da Inoue Yuichi da abokansu suka kafa ƙungiyar Bokujinkai a Kyoto, suna rubuta harafi guda da ƙaton burushi har ya fi kama da zane. Shinoda Toko, wadda ta zauna New York daga 1956 zuwa 1958, ta bar haruffa kusan gaba ɗaya ta koma 'yan layuka siraran kaifi a kan fili mai faɗi, ta rasu a 2021 tana da shekara 107. Duwatsu da malaman Zen sun fita daga hoton, amma bugu ɗaya da farin fili suna nan daram.

Haikalai ma ba su daina ba da aiki ba. A 1997 Kayama Matazo ya zana dodon gajimare a rufin ɗakin Tenryu-ji, sannan a 2002 aka ɗora dodanni biyu na Koizumi Junsaku a Kennin-ji, domin cikar haikalin shekara 800. Girmansu ya sa sai a ɗakin motsa jiki na wata makarantar firamare a Hokkaido Koizumi ya sami wurin shimfiɗa takardar.